Safa a Hannun Sarkin Noma

Duk ranar da na dawo hutu daga makarantar kwana, kafin in sha ruwa, kafin in gaida mahaifiyata, sai Baba ya tsayar da ni a zaure ya ce, "Kawo hannu." In miƙa masa duka biyun. Ya juya su, ya murza tafin da babban yatsansa kamar mai taya yadi a kasuwa, ya bi gindin yatsu ɗaya bayan ɗaya. In ya ji laushi sai ya gyaɗa kai ya ce in shiga ciki. Takardar jarrabawa kuwa ko kallonta ba ya yi. Bai iya karatun boko ba, kuma bai taɓa yin kamar ya iya ba.

Abin yana da asali. Ina ɗan shekara goma na raka shi kasuwar auduga a ƙauyenmu, can wajen Bakori. Da aka gama awo sai akawu ya kama babban yatsansa ya dangwala a tawada ya danna a takarda. Ba zane, baƙin tabo kawai. Ya sake, haka. Garma ta riga ta cinye zanen yatsan tas. Akawun nan, yaro ne fa da Baba zai iya haifa, ya ɗaga hannun sama yana nuna wa jama'a, ya ce, "Ku zo ku gani, wannan hannu ne ko kofato?" Aka yi dariya. Baba ya goge yatsan a riga muka koma gida. Washegari ya karɓe 'yar fartanyata ya ba ƙanena, kuma tun daga ranar bai sake bari na taɓa ƙota ba. Ranar da zan tafi sakandare a wajen Malumfashi ya faɗa mini a fili:

"Na kai ka boko ne don kada ka riƙe garma. Ranar da na ji kanta a hannun nan, ka ɗauko akwatinka. In noma ne, gonata ta fi ta makarantar girma."

Baba ba ya maimaita magana, kuma ba ya janye ta. Ni kuwa ina son makarantar nan kamar raina. Shi nasa hannun da rani kaɗai yake samun hutu. In an kai auduga an gyara rumbu, sai mahaifiyata ta riƙa shafa masa man kaɗanya, fason ya rufe a hankali kafin ruwa ya sauko.

Ina aji uku, a tsakiyar shekarun saba'in, damina ta yi mana rowa, rijiyar makaranta ta ja baya tun kafin a gama girbi. Aka yanka wa kowane ɗalibi bokiti ɗaya a rana, da wanka da wanki da alwala duk a ciki. Miyar ɗakin cin abinci kuma ta koma ruwan kuka zalla, har kana iya hango ƙasan kwano. A lokacin rediyo kullum kiran mutane yake su koma gona. Sai wani ɗan ɗakinmu ya tara mu, mu arba'in, ya ce ya gaji da ganin ruwan wanka yana bin kwata yana tara sauro alhali ba ganye ko ɗaya a miyarmu. Ɗan Ibo ne, haifaffen Funtuwa, ubansa yana sayar da kayan keke a can. Hausarsa ta fi tawa gudu, baki gare shi kamar reza, amma tunda aka haife shi bai taɓa shuka ko wake ɗaya ba. Nan take muka kafa kwamiti, ya zama Shugaba, kuma da sunan nan ya gama makaranta. Aka rubuta doka da gawayi a bangon ɗaki: BA A ZUBAR DA KOMAI. Tokar kicin, sauran tuwo, ɓawon gyaɗa, kashin awakin malamai, duk a tara a rami su zama taki. Ruwan wanka kuwa na lambu ne.

Ni na zauna can baya na yi lamo. Da aka tambaya wa ya san noma, na sunkuyar da kai ina gyaran maɓalli. Ba wanda ya amsa, duk da rabin ɗakin 'ya'yan manoma ne. Kowa so yake a ɗauka ubansa akawu ne.

Saboda haka Shugaba ya ɗauko littafi daga laburare. A cikin littafin akwai hoton wani Bature da hula, tsaye kusa da kunya mai tsayi har gwiwa. Ranar Asabar suka fita bayan ɗakinmu da garma uku da rular aji, suna aunawa suna tada kunya, da rani tsaka, rana na dukan ƙeya. Ina zaune a inuwar dalbejiya ina kallo. Suka zuba bokitin farko a kan kunyar, ruwan ya gangaro ta gefe ya bi takalmin Shugaba ya tafi abinsa. Suka zuba na biyu. Shugaba ya buɗe littafi yana neman shafin da ya yi bayanin ruwa mai gudu. Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba.

"Kai jama'a! Wane mahaukaci ne ke tada kunya da rani? Ƙasa ake yi, ba sama ba! Fangali ake yi, a zurfafa shi, a kewaye shi da ɗan baki, ruwa ya zauna a ciki!"

Na san wannan ne daga lambun kakana na wajen uwa, a bakin rafi, tun kafin a karɓe fartanyata. Na rufe baki, amma an riga an ji. Shugaba ya rufe littafi a hankali, ya dube ni yana murmushi, ya ce, "Jama'a, ga Sarkin Noma." Suka yi tafi. Shegen bakina ya jawo mini sarauta.

Na ja shi gefe na ba shi labarin Baba da hannu. Ya saurara tsaf, bai yi dariya ba, na kuma riƙe masa wannan har yau. Ya ce ba komai, in tsaya ina nuni kawai. Muka gwada nunin kwana biyu. 'Ya'yan manoman nan munafukai sai riƙe garma suke kamar ba su taɓa ganinta ba, 'yan birni kuma da gaske ba su iya ba, ɗaya saura kaɗan ya raba kansa da yatsan ƙafa. A rana ta uku na ƙule, na shiga ɗaki na ɗauko farar safar ƙafata ta ranar duba-tsabta, na zura a hannu biyu, na karɓi garma. Haka na fitar da fangali arba'in, hannu cikin safa kamar kuturun da ya ci ado.

Sai maganar yadda ruwan zai isa lambu. Da farko mun ajiye gwangwani a bakin kwata muna tara, amma kafin a kai rabi ya zube, sauran kuma ya yi wari. Aka zauna taro. Shugaba ya miƙe, ya ce ya kwana yana tunani, ya gano inda asarar take: tsakanin jikin mutum da shuka akwai nisa. A cire nisan. Kowa ya yi wanka a cikin fangalinsa.

Na so in ce wani abu, amma da na duba sai na ga a fannin noma ba kuskure a ciki. Aka ɗora faffaɗan dutse a tsakiyar kowane fangali don kada a tattake shuka, aka kafa zana iya ƙirji a tsakani. Siniyoyi suka zaɓi tumatir, 'yan aji biyu da uku muka samu alayyafo da yakuwa, 'yan aji ɗaya aka ba su latas. Kullum bayan la'asar sai ka ga kawuna arba'in sun jeru a saman zana, kumfa a ka, ana hira, ana waƙa, ruwa yana sauka a gindin shuka. Jan sabulun nan mai warin asibiti ya ƙone latas a mako guda, aka haramta shi, aka koma sabulun salo, shi ma kaɗan. Malamin da ke kula da ɗakinmu ya zo sau ɗaya ya tsaya ya kalla, ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya juya ya tafi. Bai sake biyowa ta bayan ɗaki ba.

Abin da ba mu hango ba shi ne lambun zai fara tona asiri. Cikin mako uku kowa ya san wanda ke wanka da wanda ba ya yi. Wani siniya mai yawan fesa turare, tumatirinsa ya langaɓe ya mutu a tsaye. Daga nan in ana faɗa ba a zagin uwa, sai dai a ce, "Tafi can, mai busasshen alayyafo." Sai ƙazamai suka ɓullo da dabara, su shiga bayan zana da riga a jiki, su tuttule bokitin a gindin shuka su fito. Da Shugaba ya gano, ya kira taron gaggawa. Ya ce ruwan da bai bi ta jikin mutum ba ya yi aiki ɗaya ke nan maimakon biyu, wannan kuwa almubazzaranci ne, ya saɓa wa abin da ke rubuce a bango. Aka naɗa mai duba jiƙa, wanda ke tsayawa a bakin lambu yana taɓa bayan kunnen duk wanda ya fito.

Da ganye ya isa yanka kuma sai sabuwar rigima. Kuku ya rantse ba zai zuba dauɗar yara a tukunyarsa ba. Mu kanmu kowa ya ce nasa kawai zai ci, ba zai ci wankan wani ba. Muka ɗunguma wurin malamin addini neman fatawa. Ya saurare mu har ƙarshe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Takin da ubanninku ke kaiwa gona, da turare ake yinsa? Ku wanke ku ci." Kiristocinmu suka je wurin nasu malamin, ya ba su amsar da ta fi wannan gajarta. Ranar da alayyafo ya shiga miya, ɗakin cin abinci ya yi tsit, sai ƙarar lasar kwano.

Duk wannan ni ban da kwanciyar hankali. Aikin garma bai ƙare ba. Bakin fangali yana rushewa saboda masu tsalle daga kan dutse, ga kaftu, ga juya taki. Safata ta huje, Shugaba ya ba ni tasa, ita ma ta huje, aka fara karo-karon safa a ɗaki. Duk da haka wata safiya na shafa gindin yatsuna na ji wasu 'yan ƙullutai huɗu a dama, uku a hagu. Na sayi man kaɗanya a gwangwanin madara, ina shafawa safe da yamma, ina gurzawa da dutsen goge kaushi har fatar ta yi ja. Na ƙudura cewa in saura wata guda hutu zan ajiye garma, hannun ya koma yadda yake, Baba ba zai taɓa sani ba.

Ban sa kasuwar Malumfashi a lissafina ba. Wata ranar kasuwa Baba ya zo sayen igiya da gishirin dabbobi, ya ce bari ya leƙa ya ga yaronsa. Mai gadi ya nuna masa ɗakinmu, bai tarar da kowa ba, ya ji waƙa a baya, ya zagayo yana ture kekensa. La'asar ce sakaliya. Ga kawuna talatin da tara a saman zana. Ga ni a tsakiya, duƙe, garma a hannu, hannu a cikin safa, ɗaya fara ɗaya mai ratsin shuɗi.

Waƙar ta mutu daga wannan gefe zuwa wancan. Na ɗago na gan shi. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Shugaba ne ya fara motsi. Ya fito daga bayan zana ɗaure da tawul, kumfa a kunne, ya durƙusa har ƙasa. "Sannu da zuwa, Baba. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana," in ji Baba, idonsa a kaina. "Nan makaranta ce ko rafi?"

"Makaranta ce, Baba. Shi wannan riƙe mini kawai ya yi. Ni ke aikin." Ya fizge garmar daga hannuna, ya ɗaga ta sama kamar mai faskare, ya sauke. Ta sare tumatir biyu da bakin fangali, ruwan wani siniya ya ɓalle ya bi hanya. Baba ya runtse ido kamar shi aka sara.

Ya jingine keke, ya ce mini, "Cire." Na zare safar. "Kawo hannu." A gaban kowa ya juya su, ya murza, yatsansa ya tsaya a kan ƙullutan nan ɗaya bayan ɗaya, duka bakwai. Bai ɗaga murya ba.

"Je ka ɗauko akwatinka."

Na tafi ina kuka, ba kukan ɓoye ba, na gaske, da majina. Ina cusa littattafai a akwati ina tsine wa Shugaba, da Baturen littafi, da rijiya, da bakina. Na ji haushin Baba ma, na ce a raina duk wannan saboda wani akawu da ya manta da shi tuni. Na ɗora akwati a ka na fito.

Na tarar da babbar rigar Baba rataye a kan zana. Shi kuma yana duƙe da garmata, yana gyara ɓarnar Shugaba, sara uku ya mayar da bakin fangalin. Yara sun fito sun kewaye shi, wasu da tawul wasu da gajeren wando. Shugaba yana gefensa yana zuba: mu arba'in ne, Baba, miyarmu ruwa ce, in kun tafi da shi lambun ya mutu. Baba ya miƙe. Ya bi layin fangali yana dubawa, ya ɗebi ƙasa ya murtsuke ya sansana, ya leƙa ramin taki.

"Wa ya fitar da waɗannan?"

"Shi ne, Baba."

"Da safa?"

"Da safa."

Ya daɗe yana kallon lambun. Ban taɓa jin Baba ya yabi aikin wani ba, ranar ma bai yaba ba, amma na ga yadda yake kallon. Sannan ya tambayi Shugaba sau nawa ake bukatar garma a nan. Shugaba ya dube ni, na ce sau ɗaya a mako ya isa in an daina tsalle daga kan dutse.

"To," in ji Baba. "Duk ranar kasuwa ina nan. Shi ya yi nuni da baki, hannunsa a aljihu. Wanda ya sake miƙa masa ƙota, ni da shi ne." Ya juyo gare ni. "Kai kuma me kake tsaye da akwati kamar ɗan dako? Mayar."

Haka aka yi har ƙarshen zango. Duk mako Baba ya taso daga ƙauye da hantsi a kan keke, tafiyar da ta fi awa biyu, ya ɗan zaga kasuwa don kada a ce bai je ba, ya iso bayan azahar ya tuɓe riga. Kwamiti ya zauna a kansa. Shugaba ya ce doka doka ce, duk mai aiki a lambu yana da bokiti da fangali. Aka fitar masa da na arba'in da ɗaya, aka dasa albasa, aka ƙara wa zanarsa tsayi saboda girma. Baba ya ƙi, ya ƙi, sannan wata rana da zafi ya yi zafi ya karɓi bokitin. Mai duba jiƙa bai yi ƙarfin halin taɓa bayan kunnensa ba. Albasarsa ta fi ta kowa girma, har kuku ya riƙa zuwa gaishe shi.

Yara sun ji daɗin abin, suna ce masa Baban Kwamiti. Ni ban ji daɗi ba ko kaɗan. Ka tsaya hannu a aljihu, da farar riga, kana ce wa mahaifinka ga inda ya rushe, shi kuma yana duƙe zufa na ɗiga daga haɓarsa. Sau ɗaya na kai hannu zan ɗauke masa kwandon taki, ya daka mini tsawar da ta sa wani ɗan aji ɗaya ya zame daga kan dutsensa. Ba ranar da na tsana kamar ranar kasuwa.

Aka yi hutu ana saura kamar mako biyu ruwa ya sauko, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Na isa gida, ya tsayar da ni a zaure kamar kullum. "Kawo hannu." Ya murza, ya bi gindin yatsu. Ba ko ɗaya, sun baje. Ya gyaɗa kai.

Amma da yake murzawa na ji yatsansa yana kartar tafina fiye da yadda na saba. Ban saki ba. Na kama hannunsa na juya shi, abin da ban taɓa yi ba. Fason bara yana nan a buɗe, bai rufe ba, ga sabo a kansa, wani har da ɗan jini a baki. Ranin da yake warkewa a cikinsa ya ƙare a lambunmu, ga kuma damina a bakin ƙofa.

Na buɗe akwati na ɗauko sauran man kaɗanyar nan na gwangwanin madara. Na zaci zai fizge hannun. Ya bari, ya juya fuska wajen ƙofa, ya ce, "Yi sauri kada wani ya shigo." Na shafa masa a hankali, ina cusa man a cikin tsagar, hawaye na sauka a kai. Da na gama sai na ciro safa, sabuwa fil, wadda Shugaba ya kawo daga Funtuwa ya ce in ba Baban Kwamiti. Na ce ya riƙa sawa in zai ɗauki garma, wallahi tana taimakawa.

Ya karɓa ya juya ta, ya yi ɗan murmushi, ya mayar mini a tafina ya naɗe yatsuna a kai.

"Ajiye abarka," ya ce. "Ta masu hannu ce."